Gara aljanin littafi da aljanin tsegumi

Yau muna so mu taɓa wata magana wadda wasu za su ce ba ta kai a ɓata mata takarda ba, wato maganar littattafan aljanu da kiɗan da ke kiran su. Muna roƙon ku ku yi haƙuri ku bi mu har ƙarshe, domin kuwa maganar ta shafi cinikinku da mutuncinku fiye da yadda ake zato.

Abin da ya tayar mana da ita shi ne wata baiwar Allah daga nan yankinmu na Safo, wadda ba za mu faɗi sunanta ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana kai su kasuwar Maraɗi tun tana amarya. Allah ya sa wa neman nata albarka, ta yi wa ɗakinta rufin kwano, ta saya wa ɗanta babur yana kabu-kabu, ta shiga adashe biyu. Ba a jima ba sai magana ta fara yawo a bakin rijiya da wurin niƙa, wai tana da aljana mai jawo mata masu saye. Hujjar masu faɗa ita ce ana jin goge na tashi daga gidanta da tsakar dare. Daga nan wasu suka daina sayen manta, wanda ke neman ɗiyarta ya ja da baya, har maƙwabta suka hana yaransu karɓar ƙuli-ƙulin da take ba su kyauta. Ranar da ta zo ta same mu a gidan rediyo tana hawaye, sai muka gane gogen da ake ji na shirinmu ne na dare, inda muke sa tsofaffin kaɗe-kaɗe. Ita kuwa tana kunna rediyo ne don ya ɗebe mata kewa lokacin da take tuyar gyaɗa, kowa na barci.

Mun yi bayani a iska, wasu sun ji kunya, wasu kuma har gobe ba su sauka daga kan bakansu ba. Amma abin ya bar mu da tunani. Ashe labarin aljani mai bin kiɗa, mai zama a rumfar kasuwa, mai kawo arziki ko tsiya, yana nan da ransa a cikinmu. Kullum ana ƙirƙira shi, ana ƙara masa gishiri. Sai dai masu tsegumi ne kaɗai ke ba da shi, kuma a kan mutum mai rai suke ɗora shi, mai suna da ƴaƴa da jarin da zai iya karyewa. Marubutanmu kuwa, waɗanda aikinsu ne su ɗauki irin wannan labari su ɗora shi a kan mutanen da babu su, su bi shi har ƙarshe a ga gaskiyarsa da ƙaryarsa, sun bar filin. Ra'ayinmu shi ne su dawo su karɓe shi, ku kuma ƴan kasuwa ku taimaka musu.

Idan muka waiwaya baya, aljani tsohon baƙo ne a rubutun Hausa. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko a boko, akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma duka biyun cike suke da aljanu. Bayan su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo. An karanta waɗannan littattafai a makarantu shekara da shekaru, malamai da alƙalai da limamai sun tashi da su, ba mu ji wanda imaninsa ya zube saboda su ba.

Da littattafan kasuwar Kano suka ɓarke daga shekarun 1980, sai rubutun ya rabu gida biyu. Akwai na soyayya da zaman aure, irin na su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, waɗanda ke faruwa a garuruwan da muka sani, da motoci da makarantu da kotuna. A cikin ire-irensu, in aljani ya leƙo, yawanci sai kishiya ta je wurin boka. Akwai kuma na yaƙi da jarumta, irin na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, inda aljanu ke cika shafi, amma a wasu birane na can da can, zamanin takobi da garkuwa, nesa da tashar mota da shingen duwan. Duka biyun mun karanta su a rediyo, kuma mun san yadda kuke son su, domin in muka makara da minti biyar waya ba ta hutawa. Abin da muka rasa shi ne na tsakiya, wato labarin da aljani zai shigo garinmu na yau, ya hau kabu-kabu, ya yi cinikin tumatir, ya tsaya a bayan mai goge a gidan biki.

Turawa suna da irin wannan rubutu, har ya zama wani fanni mai kasuwarsa. A tatsuniyoyin mutanen Ailan da Sikotlan da arewacin Turai akwai wasu halittun ɓoye da ake kira elf, ƴan uwan aljanunmu ne ta fuskoki da yawa: suna da sarakuna da fada, suna zama a tuddai da kurmi, suna da son kiɗa ƙwarai, kuma akan ce suna sace makaɗi su kai shi bikinsu, ya dawo ya tarar shekaru sun wuce. Marubutan Amurka da Kanada suka ɗauko su daga daji suka kawo su birni. A 1987 wata mata mai suna Emma Bull ta fitar da littafinta War for the Oaks. Labarin wata budurwa ce mai kaɗa jita a birnin Miniyapolis, ƙungiyar kiɗansu ta watse, ba ta da aiki, sai ƙabilu biyu na mutanen ɓoye da ke yaƙi kan birnin suka jawo ta cikin rigimarsu. A ƙarshe da kiɗa aka yi karon, a wani gidan rawa da kowa ya sani a garin. A 1990 kuma Mercedes Lackey da Ellen Guon suka rubuta labarin wani mai busa sarewa a Los Anjelis, wanda busarsa ta farkar da wani elf, a daidai lokacin da masu gine-gine ke shirin share kurmin da rayuwar mutanen ɓoyen ta dogara a kansa.

Kada wani ya ce wannan harkar waɗanda ba Musulmi ba ce. A 2012 wata Musulma ƴar Amurka, G. Willow Wilson, ta rubuta Alif the Unseen, labarin wani saurayi masanin kwamfuta a wata ƙasar Larabawa ta zamani wanda ya faɗa hannun aljanu yana gudun jami'an tsaro. Ɗan Najeriya Ben Okri ma ya ci babbar kyautar Booker a 1991 da labarin wani yaro mai ganin mutanen ɓoye a cikin unguwar talakawa, inda uwarsa ke talla, ubansa ke dako. Duk wanda ya san waɗannan littattafai zai shaida cewa aljanin da ke ciki hanya ce ta yin magana a kan abin da ke damun mutane: rashin aiki, zaluncin masu mulki, kwaɗayin masu kuɗi, da yadda birni ke cinye daji.

To mu me muka rasa? Wallahi kayan aikin da ke hannunmu ya fi nasu yawa. Muna da Jangare, birnin aljanu a bakin ƴan bori, da gidajensa da sarautunsa. Muna da Sarkin Aljan Sulaimanu, da Ɗan Galadima ɗan sarki mai son ado da kyauta da caca, da Malam Alhaji mai tasbaha, da Sarkin Rafi, da Kure, da Doguwa, kowanne da halinsa da tufarsa da abin da yake so. Babban abin kuma shi ne kowanne da kiɗansa. Mai goge ko mai garaya, da masu kaɗa buta a gefensa, shi ke riƙe da makullin, sai ya taɓa taken wane sannan a ce wane ya sauka. Abin da Emma Bull ta zauna ta ƙago, na cewa kiɗa ne ƙofa tsakanin mutum da mutanen ɓoye, kakanninmu a nan ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir sun gina tsari guda a kansa, har da sarautar Iya a fadar Maraɗi da ta Inna a Tibiri. Ga tafkin Madarunfa da labarin waliyyai 99 da ake cewa suna kwance kewaye da shi. Ga tsohon garin Maraɗi da ambaliyar 1945 ta ci, aka tayar da mutane zuwa tudu. Marubuci mai hankali zai tambayi kansa, da mutane suka hau tudu, su waɗanda ake cewa suna cikin tsamiyoyin fadama sun bi su ne ko sun zauna?

Kuma kada a ce aljanu ba su san zamani ba. Wajen 1925, a yankin Filinge, aka fara ganin wasu sabbin iskoki da ake kira Hauka ko Babule, masu fareti da sara wa juna kamar soja, da gwamnansu da kofur ɗinsu da likitansu. Mutanen da Nasara ya danne su ne suka mayar da shi aljani don su iya kallon sa ido da ido, har hukumar mulkin mallaka ta tsorata ta kama su ta ɗaure. Bafaranshen nan Jean Rouch ya bi ƴan ci-ranin ƙasarmu har Akara ya ɗauki wasansu a fim ɗin da ya fito a 1955. Yau ma ku tambayi kowane direban da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da dare, zai ba ku labarin kyakkyawar macen da ke tsayar da mota, sai ta shiga a ga ƙafarta kofato. Wannan ai rabin littafi ne, saura mai rubutawa.

Bari mu ba da misali don a gane abin da muke nufi. A ce ga wata yarinya jikar mai goge, kakanta ya rasu ya bar gogen rataye a bango, gidan sun tuba sun daina. Ita tana sayar da zogale daga Jiratawa zuwa Maraɗi. Sai aikin hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, ya biyo ta kan wata tsohuwar tsamiya. Mazauna tsamiyar suka rasa masauki, suka kwararo cikin kasuwa, awo ya rikice, mudu ya ƙi cika, mai algus ya wayi gari kayansa sun tona masa asiri. Wani boka ya tashi yana karɓar kuɗin mata da sunan zai kore su, alhali ko inuwarsu bai taɓa gani ba. Yarinyar nan kaɗai ke jin abin da suke faɗa in an taɓa tsirkiyar gogen, ga kuma tsoron Allah da tsoron bakin mutane sun sa ta a tsakiya. Wace mai rumfa ce za ta ji farkon wannan labari ta kashe rediyo? Kuma a cikinsa an yi maganar diyyar gonaki, an yi ta tauye mudu, an yi ta damfara, ba tare da an kama sunan kowa ba.

Mun san abin da wasu malamanmu za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Za su ce bori shirka ne, an sha wahala kafin a raba mutane da shi, yanzu kuma a dawo da shi ta taga? Amsarmu ita ce, samuwar aljanu Alƙur'ani ya tabbatar da ita, akwai sura guda da sunansu, kuma kowane almajiri ya san ƙissar Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da yadda aka hore masa su. Abin da addini ya hana shi ne bauta musu, da yi musu yanka, da neman biyan buƙata a wurinsu, da gaskata boka. Ba da labari daban, bauta daban. Wanda ya ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bai zama maƙaryaci ba, kuma wanda ya rubuta labarin ɓarawo ba a yanke masa hannu. An gwada hanyar hani a Kano a 2007, lokacin da hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tara littattafan Hausa ta cinna musu wuta a wata makarantar ƴan mata. Me ya biyo baya? Rubutun ya ƙaura zuwa waya, yau yana yawo a WhatsApp da YouTube da Wattpad inda babu mai tace shi. Hani bai kashe ƙishirwar labari ba, sai dai ya kore ta zuwa inda ido ba ya kai wa.

Magana ta biyu ta fi wannan nauyi a wurinmu. Wani zai ce, mutanen da suka kusa karya jarin mai ƙuli-ƙuli saboda sun ji goge, in aka ƙara musu da littafin aljanu ai sai abin ya ci uban na da, bokaye kuma su samu kasuwa. Wannan tsoro yana da tushe, domin akwai rubutun da ke yin hakan. Duk littafin da zai nuna cewa mace ba ta arziki sai da asiri, ko ciwon farfaɗiya da taɓin hankali ba su da magani sai turare, ko kishiya ce sanadin kowace karayar jari, to wannan ɗan uwan tsegumi ne da aka yi wa bango, kuma mu ba za mu karanta shi a iska ba. Amma marubuci na ƙwarai yana da abin da mai tsegumi ba shi da shi. Yana iya shigar da mu cikin ɗakin matar da ake zargi, mu ga tashinta tun kafin kiran assalatu, mu ga hayaƙin da ya cinye mata ido, mu ga lissafin adashenta. Yana iya shigar da mu bayan labulen boka, mu ga yaron da ya ɓoye yana maƙe murya. Wadda ta ji wannan a labari, ranar da aka ce mata ta kawo jika hamsin da baƙin bunsuru don a buɗe mata kasuwa, za ta tuna. Wa'azi yana cewa kar ki je, labari kuma yana nuna mata abin da za ta tarar in ta je. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma su makaɗan kansu. A garuruwanmu masu goge da garaya sun tsufa, ƴaƴansu suna jin kunyar gadon, biki ya koma na kwamfuta da lasifika. Ba muna kiran a koma gidan bori ba ne. Muna cewa ne waɗannan take-take da kirari tarihi ne na yadda kakanninmu suka fahimci ciwo da mulki da arziki, kuma in tsofaffin nan suka tafi ba a tambaye su ba, to an rufe rumbu da hatsinsa. Marigayi Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya tafi har bakin tafkin Cadi ya koyi kiɗan biram a wurin tsohon da ya rage da saninsa, ya fitar da shi duniya. Marubucin da zai rubuta labarin mai goge dole ya je ya zauna da mai goge, ya ji yadda ake ɗaura tsirkiyar gashin doki, da yadda ake shafa mata ƙaro, da abin da ya gani a shekarunsa na yawo. Ko wannan kaɗai riba ce.

To ina ruwan ɗan kasuwa? Ruwansa da tsaki. Littattafan Kano ba gwamnati ta raya su ba, mata ne masu saye da masu haya da masu aron juna, da ƴan kasuwar da suka ɗauko su a buhu suka tsallako da su iyaka. Shirye-shiryen karatun littafi a rediyo kuma tallar shagunanku ce ke riƙe da su. Mai biyan kuɗin kiɗa shi ke zaɓen take. In kun kira gidan rediyo, ku ce kuna son labarin da ya faru a Maraɗi da Tasawa da Madarunfa, da bakinmu da sunayen unguwanninmu. In wata ɗiyarku na rubutu a waya, kada ku ce ta lalace, ku ce ta karanta muku, ku gyara mata inda ta kuskure a harkar awo da bashi, don ku kuka san ta. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata marubuta ta nuna cewa akwai masu hannu a cikin gidajenmu. Alhazanmu kuma da ke ɗaukar nauyin kokawa da ƙwallo, buga littafi ɗaya ko ɗaukar nauyin karanta shi na wata uku bai kai kuɗin kyautar da ake yi wa ɗan kokawa a dare ɗaya ba. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Abin kunya ne a ce harshen ƙasa ne, amma duk labarin da za mu ji da shi sai an ɗauko mana daga ƙetaren iyaka.

Ita dai baiwar Allah mai ƙuli-ƙuli tana nan tana sana'arta, masu saye sun fara dawowa, sai dai ta ce mana yanzu in dare ya yi rage muryar rediyon take yi, har sai ta kanga kunne. Wannan ya dame mu. Mace ta yi tashin dare don neman halal, sannan ta ji tsoron jin kiɗan kakanninta a cikin ɗakinta. Muna fata wata rana mu buɗe shirinmu da littafin da wani ɗan Safo ko ƴar Madarunfa ta rubuta, mai aljanu da goge da kasuwa, ita kuma ta ƙure murya maƙwabta su taru a ji tare.

Allah ya ba mu ciniki na halal, ya tsare mu daga sharrin mutum da aljan, ya kuma tsare bayinsa daga sharrin bakinmu. Sai mun ji daga gare ku.